Daren da Kabiru Ya Haɗa wa Kaka Tani da Rana Tsaka

Bari in wanke kaina tun yanzu: Kabiru taubashina ne. Ubansa, Kawu Abubakar, yayan innata ne ciki ɗaya, kakarmu kuma ɗaya, Kaka Tani. Saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ina da iko, ko gaban alƙali aka je. Kuma har yau ban yafe masa takalmina ba, za ku ji yadda aka yi ya salwanta.

Kabiru yana karatun zane a wata lakwal, wato makarantar boko, a Yamai. Shekararsa uku a can amma aji biyu ya yi, don ɗayan ya yi masa daɗi har ya maimaita. Cikin bazarar bara ya sauka Madarumfa da wata hula a kansa kamar faifan da aka zauna a kai, da doguwar jakar takardu a kafaɗa, da gashin gemu bakwai da ya tara a haɓa yana shafawa. Tun a tasha ya sanar cewa daga ranar a daina ce masa Kabiru, a riƙa cewa Artis, wai gwanin zane. Ni kuwa na ce masa sannu da zuwa bawana, na tambaye shi ko a mota aka take masa hular.

Abin da ya kawo shi aikin ƙarshen shekara ne. Malaminsu, Mushe Aliyu, ya ce kowa ya koma garinsu, ya sami tsoho ko tsohuwa, ya ɗauki muryarta a waya tana ba da labarin gargajiya tun daga farko har ƙarshe, sannan ya zana labarin a hoto goma. Bayan sati uku Mushe zai bi gari-gari ya duba da idonsa. Wanda ya faɗi, in ya taɓa maimaita aji, to kora ce. Kawu Abubakar kuwa masunci ne, yana kama kifi a tabki yana banda, kuma ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa ranar da aka koro Kabiru, washegari wurin banda zai karya kumallo. Kabiru ɗan masunci ne, amma ko daga nesa ya jiyo hayaƙin kifi sai ya toshe hanci ya sake hanya. A duniya babu abin da yake tsoro kamar wurin bandar nan.

Amma a baki ba ka ce yana tsoron komai ba. Ya ce kwana uku sun ishe shi, sauran kwanakin hutawa zai yi. Ya ce Mushe da kansa yakan leƙo takardarsa ya saci fasaha. Don ya nuna mana ba wasa yake ba, ya zauna ƙofar gida ya zana kura, ya ɗaga wa jama'a. Maƙwabcinmu Lawali mai amalanke ya duba, ya washe baki, ya ce wallahi bai san jakinsa ya shiga ran mutane haka ba, ya roƙa a ba shi ya liƙa a ɗaki. Kabiru ya naɗe takardarsa, ya ce idon ƙauye bai iya karanta zane ba.

Tsohuwar da ya rubuta sunanta a takardar lakwal Kaka Tani ce, kuma a nan kam bai yi ƙarya ba, duk unguwar babu bakin da ya kai nata. Sai dai akwai wani abu da ya manta bai rubuta ba. Kabiru tun yana yaro bai taɓa jin ƙarshen tatsuniya ba. Da ya ci tuwo, duhu ya shiga, Kaka ta buɗe baki, kafin Gizo ya gama fita daga gida shi ya riga ya tafi. Mun zaci girma ya raba shi da abin, ashe tare suka girma.

Ranar farko ya zauna a rumfar Kaka bayan an ci tuwo, ya ɗora waya a ƙirji. Da safe ya kunna mana da alfahari. Muka ji Kaka ta ce wata rana Gizo ya ɗauki jakarsa ya yi wa Ƙoƙi sallama, daga nan sai minshari, minti arba'in cur. Ita Kaka ba ta yi wa bango tatsuniya, da ta ji mai amsawa ya yi shiru sai ta ja bakinta. Na ce masa bari in zauna in riƙa amsa mata, shi ya yi barcinsa, wayar ta yi aikinta. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ni tela ce, muryar tela kuwa ba ta shiga aikin Artis.

To, ya shiga neman magani. Ya sha shayi tukunya uku ya bi da goro, ya yi barci da goron a kunci. Ya tsoma ƙafafu cikin bokitin ruwan randa, ya yi barci ya wayi gari da mura. Ya shafa mantileta a ƙasan ido, ya yi barci yana hawaye. Rana ta biyar ya rantse a tsaye zai saurara, aka tsince shi rungume da bishiyar zogale, har Kaka ta tambaya ko kishiya ya yi mata.

Zane kuwa bai fasa ba. Cikin sati biyu ya cika hoto goma, ya kira ni in gani. Na farko Gizo ne yana fita daga gida. Na biyu Gizo ne yana fita daga gida da jaka. Na uku Gizo yana fita daga gida Ƙoƙi na ɗaga masa hannu. Haka har goma, Gizon nan bai taɓa wuce bakin zaure ba, don iyakar inda Kabiru ya san labarin ke nan. Shi kansa Gizon kamar ƙwarya ce aka soka wa tsinken tsire takwas. Na ce aikin ya yi kyau, saura ya rubuta a ƙasa ko mene ne don masu wucewa.

Da ya ga kwanaki na ƙarewa sai ya koma lallashi. Ya sayo fura mai sanyi ya sami Kaka da hantsi tana tsince wake.

"Haba amaryata, rabin awa kawai. Ki yi mini ɗaya yanzu, ido na biyu."

"Angon banza," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Ka taɓa jin an yi tatsuniya da rana? Ɓata mutum yake yi. Shekara tamanin ina yawo a garin nan ban taɓa kasa gane gida ba, sai yanzu da ƙafa ta mutu za ka sa a riƙa cigiyata a masallaci?"

Ya kawo mata hujjoji na boko, ta shanye furar ta miƙa masa ƙwarya. Ya zagaya wurin wasu tsofaffi uku a unguwa, amsa ɗaya suka ba shi, ta ukun ma da muciya ta rako shi.

Ana nan ranar zuwan Mushe ta zo. Ya yi waya ya ce bayan la'asar zai iso. Ranar Kawu ya shiga tabki tun asuba, innar Kabiru ta tafi suna garin Gabi, gida ya rage daga Kabiru sai Kaka. Da hantsi sai ga shi a shagona na ɗinki, ido ja wur don rashin barcin kirki, amma baki har kunne. Ya ce in ara masa baƙin yadin da aka kawo mini ɗinkin hijabai, awa biyu kawai. Na tambaye shi me zai yi da shi, ya ce in rana ta ƙi faɗuwa, Artis kayar da ita yake yi. Ni da wautata na ba shi, na ɗauka sambatun rashin barci ne.

Sauran abin da ya yi daga baya na ji, wani daga bakinsa, wani daga bakin Kaka.

Dabararsa ita ce, tunda Kaka ba ta tatsuniya sai da dare, shi kuma ba ya iya dare, to zai haɗa mata dare da rana tsaka. Idonta da ma ya yi rauni, kuma kullum bayan azahar takan ɗan kwanta. Ya je gidan mai unguwa ya aro babban tamfol ɗin unguwa. Tamfol ɗin nan kowa ya san abu uku ke fito da shi: biki, suna, ko zaman makoki. Ya lulluɓe rumfar Kaka da tagar ɗakinta da shi, ya ɗaure da igiya ta kowace kusurwa. Daga ciki ya shimfiɗa baƙin yadina a sama, ya ɗiɗɗiga masa farin fenti a matsayin taurari, ya zana wata cikakke a tsakiya, ƙato kamar tire. Ya gangara bakin tabki ya kamo kwaɗi cike da bokiti, ya haɗa da gyare cikin gwangwani, don a sami kukan dare. Kaji kuwa, da nasu da zakaran Lawali mai yawan cara, ya tattara su ya cusa cikin rumfar, suka ga duhu suka hau kan turken akuya suka yi shiru abinsu.

Saura mutane. Ya bi gida-gida yana roƙo a yi shiru. Da ya zo wurin Ɗelu, matar Lawali, ya same ta ta ɗaga taɓarya.

"Gwaggo Ɗelu, don Allah yau kada a yi daka, kada a kunna rediyo. Saboda Kaka."

Ta ajiye taɓarya ta tambaye shi me ya sami Tani. Shi kuma don kada asirinsa ya tonu sai ya sunkuyar da kai, da jajayen idanun nan nasa, ya ce ba zai iya faɗa yanzu ba, anjima kowa zai ji. Ya juya ya shige gida, ya rufe ƙofar zaure, ya tokare ta da turmi.

Ɗelu ta ɗaga kai ta hango tamfol ɗin unguwa ta saman katanga. Ta lissafa: babu mai ciki a gidan, babu budurwar da aka sa wa rana. Ta ɗora hannu a ka.

A ciki kuwa, Kaka ta farka ta ga duhu, ga fitila na ci, ga kwaɗi na kuka kamar an yi ruwan farko. Kabiru ya shigo da kwanon ɗumamen tuwo yana hamma ta ƙarya, ya ce kai, yau ta sha barci, dare ya yi nisa, ta fito rumfa su ɗan taɓa hira. Ta dogara sandarta ta fito, ta zauna a tabarma, ta ɗaga kai ta daɗe tana duban sama. Can ta jawo carbinta ta ce to, bari ta ƙarasa laziminta, shi kuma ango ya fara cin tuwon kada ya huce. Kabiru ya ga in ya ƙi ci za ta gane, sai ya cinye tas. Ya kunna waya ya ɗora a ƙirji, ya jingina da bango yana jira.

Ku duba mini lamarin nan. Ga tuwo a ciki, ga duhu, ga ɗumin tamfol, ga kwaɗi, ga ƙarar carbin Kaka ɗaya bayan ɗaya. Daren da ya haɗa ya yi kyau ƙwarai, sai dai mutum ɗaya ya kama, kuma ba Kaka ba ce.

A waje kuwa gari ya ɗauka. Kafin la'asar an shimfiɗa tabarmi ƙofar gida, maza sun zazzauna, mata sun cika gidan Ɗelu suna salati. An bubbuga ƙofar zaure shiru, aka ce a bar yaron, baƙin ciki ne ya sa ya kulle kansa da ita, a jira babban ɗanta. Aka tura kwalekwale nemo Kawu. Samari suka fara cigiyar diga da shebur. Lawali ya ɗaura wa jakinsa amalanke ya ce shi zai ɗebo ruwa, ba ya son ladan ya wuce shi.

Ni ina shago ban san wainar da ake toyawa ba, sai ga wayar wata 'yar'uwarmu daga garin Ɗan Issa tana yi mini gaisuwa. Labarin har ya kai bakin iyaka bai biyo ta kasuwa ba. Na ce gaisuwar wa? Ta ce ta Kaka Tani. Wallahi ban san lokacin da na tsallake keken ɗinki ba. Na yi gudu tun daga kasuwa har gida, takalmina ɗaya ya fice a hanya ban waiwaya ba. Matar nan ita ta goye ni da innata ta kwanta ciwo, ita ta koya mini zura zare a allura, kuma da safen nan na wuce ƙofarta ban shiga gaishe ta ba don ina sauri. Abin da ya riƙa cin raina ke nan ina gudu.

Na iso daidai da Kawu, wandonsa na ɗigar ruwa, fuskarsa ba annuri. Ya sa kafaɗa ya bangaje ƙofar, turmi ya mirgina, jama'a suka bi shi tsakar gida. Kowa ya ci birki gaban rumfar da aka lulluɓe, an rasa mai ƙarfin halin ɗaga tamfol ɗin, har shi Kawun. Ni kuwa na zube ƙasa ina kiran sunanta.

Daidai nan kabu-kabu ya sauke wani mutum mai tabarau da jakar hannu yana tambayar gidan Kaka Tani. Mushe Aliyu ne. Aka gaya masa ya makara. Bawan Allah ya cire tabarau ya yi addu'a, ya yi wa Kawu ta'aziyya, ya ce tunda haka ta faru ba zai duba aikin Kabiru ba, zai rubuta wa lakwal a ɗaga masa ƙafa har wata shekara. Ku ji fa, saura ƙiris wautar Kabiru ta fisshe shi.

Sai tamfol ya motsa.

Zakaran Lawali ne ya fara fitowa, ya ga haske, ya buga fuka-fuki ya yi carar asuba. Kaji suka biyo shi. Bayansu kwaɗi, ɗaya bayan ɗaya, suna tsalle cikin ƙafafun mutane. Bayan kwaɗin sai ga sanda, sai ga hannu riƙe da carbi, sai ga Kaka Tani cikin farin mayafinta na salla tana ƙifta ido.

Ban taɓa sanin tsofaffin unguwarmu na da gudu haka ba. Lawali ya haura katangar da ko akuya ba ta haurawa. Ɗelu ta nufi ƙofa ta tarar an cunkushe, ta dawo ta shige akurki rabi, rabi a waje. Mushe ya riƙe jakarsa a ƙirji ya kasa gaba ya kasa baya. Ni ban gudu ba, na rarrafa na rungume ƙafafunta ina wani sabon kukan.

"Ke dai kukanki na gaske ne, Zahara'u, shi ya fito da ni," in ji ta. "Tashi haka nan, kin ɓata mini zane da majina."

Kawu ya zauna daɓas a kan turmi yana hamdala. Da ya tashi kuwa, fisga ɗaya ya yi wa tamfol ɗin. Rana ta faɗa cikin rumfar. Ga Kabiru a miƙe, baki buɗe, hula ta rufe ido ɗaya, wani ƙaton kwaɗo zaune kan wayar da ke ƙirjinsa, ga wata da taurari na lilo a samansa a jikin yadin hijaban mutane. Kawu ya ɗauki bokitin kwaɗin da sauran ruwansa ya juye masa.

Ya zabura yana cewa, "Na'am Kaka, Gizo ya fita, sai aka yi yaya?" Sannan ya ga rana. Sannan ya ga mutanen unguwa suna dawowa ɗaya-ɗaya. Sannan ya ga Mushe.

Kun san mai cika baki ba ya mutuwa da wuri. Ya gyara hula ya ce da ma duk shiri ne, irin sabon zanen da ake yi ne a manyan birane, inda ake haɗa mutane da dabbobi a ciki. Mushe ya miƙa hannu ya ce a kawo hotunan. Ya duba Gizo yana fita daga gida sau goma. Ya ce a kunna muryar. Aka ji kwaɗi, aka ji carbi, aka ji minshari. Mushe ya rufe littafinsa ya mayar da biro aljihu. Kawu ya juya wurin Lawali, wanda ya dawo yana ɗingishi, ya ce gobe da sassafe ya kawo masa itacen banda amalanke biyu, ya sami ƙarin hannu.

Nan na ga fuskar Kabiru ta sake. Ya cire hular da kansa, ya tsaya ruwan kwaɗi na ɗiga daga gemunsa bakwai. Na so in yi dariya, sai na ji tausayinsa ya kama ni, don duk haukarsa yaron nan zanen yake so da gaske, tun yana zane da gawayi a bangon Kaka tana bin sa da tsintsiya.

Kaka ta buga sandarta a ƙasa. Ta tambayi Mushe, wanda ta kira ɗan nan, me takardar tasu ta ce a kawo. Ya ce labari daga bakin tsohuwa, tun daga farko har ƙarshe. Ta ce a jawo mata tabarma inuwa, shi kuma ya kunna wayarsa, ba ta yarda da ta angonta ba.

"Kaka, rana ce fa," in ji Kabiru da ƙaramar murya.

"Tatsuniya ce ba a yi da rana, don ƙarya ce. Wannan kuwa gaban kowa aka yi shi. Tsaya nan inda kake."

Ta fara. Ta ɗauko shi tun daga ranar sunansa, da ya yi barci wanzami na yi masa aski. Ta bi ta kan shayi da goro da auren zogale. Ta kwaikwayi tafiyarsa da kwanon ɗumame, da hammarsa ta ƙarya. Ta ce tana ɗaga kai ta san abin da ake ciki, don ranar uku ga wata, jiya-jiya ta ga jinjirinsa siriri bayan magariba, sai ga shi an rataya mata watan sha huɗu, har fenti na ɗigo mata a goshi. Wai ɗan boko, bai san kwanan wata ba zai yi wa tsohuwa dare.

Kawu ya tambaye ta, cikin ladabi, me ya hana ta fitowa tun da ta ji an taru. Ta ce ya yi haƙuri, ta so ta fito, sai ta jiyo ana yabonta ta bayan katanga, ta ga ba kullum mutum ke samun wannan ba. Ta ji Lawali na cewa ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, ta ce Allah Ya yafe masa wannan ƙaryar. Ta kuma ji wata na tambayar wa za a bar wa jar akuya. Ba ta kama suna ba, ta dai dubi akurki ta ce akuyar tana gaishe ta.

Mutanen da suka zo kuka suka koma riƙe ciki. Mushe ya cire tabarau sau uku yana share hawaye. Kabiru kuwa yana tsaye cikin rana, ido biyu tar, tun daga farko har ta kai inda aka juye masa bokiti ta ce nan ya ƙare. Shi ne labari na farko da ya taɓa jin ƙarshensa daga bakin Kaka.

Da Mushe ya sami numfashi sai ya ce murya ta samu, farko da ƙarshe sun samu, matsala ɗaya ce: takarda ta ce labarin gargajiya, wannan kuwa yau aka yi shi.

"Ka ba shi lokaci, ɗan nan," in ji Kaka. "Kafin ya yi jikoki ya zama tatsuniya. Lokacin sai dare za a riƙa faɗinsa."

Mushe ya buɗe littafinsa ya sake fiddo biro. Ya ba Kabiru sati ɗaya ya zana wannan labarin a hoto goma, da kwaɗi da kaji da komai, kuma kada ya kuskura ya gyara wa mai barcin fuska. Kabiru ya buɗe baki zai yi gardama, iska ta kaɗo hayaƙin banda daga bayan gida, ya rufe bakinsa ya ce to.

Sati guda bai cika baki ba, bai shafa gemu ba. Ya ajiye madubina na shago a gabansa yana buɗe baki yana zanawa. Ni kuma na sa shi ya wanke yadin mutane sau huɗu, fentin bai fita ba, har yanzu akwai 'yan islamiyya biyu da ke yawo da taurari a bayansu. Da ya gama ya liƙa hotunan a zaure, abin mamaki, karo na farko a rayuwarsa ba wanda ya tambayi mene ne wannan. Duk wanda ya shigo, da ya kai hoto na bakwai sai ya nuna da yatsa ya ce ga Kabiru. Mushe ya dawo ya duba ya sa hannu. Kawu ya soke amalanken itace ɗaya cikin biyun, kuma na gan shi ya tsaya gaban hoton da aka zana shi zaune kan turmi, ya daɗe.

Kafin mota ta tashi da shi zuwa Yamai hular ta koma kai, bakin ma ya dawo. Ya ciro hoto na bakwai, wanda yake miƙe baki buɗe, ya kai wa Kaka rumfa, ya ce amarya ta duba da kyau ta faɗa wa duniya ko akwai mai hannu irin na angonta.

Kaka ta karɓa, ta kai shi dab da idonta, ta juya shi dama, ta juya shi hagu. Ta miƙa masa abinsa.

"Madalla," ta ce. "Wannan karon kam jakin Lawali ya fito."